A Daina Matse Wa Kafireta Mai Da Sunan Tattali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu ɗan fili a shafin wasiƙu mu yi magana da masu tsofaffin babura, da kuma 'yan'uwanmu makanikai, musamman yaran da ke koyon aiki, a kan kafireta.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Daga lokacin, maganar da aka fi ji a garejin babur ita ce: "Oga, ɗaure mini kafireta, shan mai take yi." Bakanike kuwa, don kada a ce bai iya ba, sai ya sauke allurar da ke daidaita mai a cikinta, ya sa jet (ɗan tagullar da mai yake bi ta hudarsa) mai ƙaramar huda, ya murɗe sukurun mai har ya kusa toshewa. Mai babur ya tafi yana murna, daga baya ya dawo da bawul a ƙone ko fistan ya kama. Wasu kuma da babur ya yi tari sau biyu sai su yanke hukunci cewa kafireta ta mutu, a sayo sabuwa. Duk biyun asara ce. Kafiretar tsohon babur da wuya ta mutu gaba ɗaya. Yawanci datti ne, ko ruwa, ko iska mai shigowa ta ɓarauniyar hanya, sau da yawa ma laifin ba nata ba ne sam.

Sai an san yadda take aiki kafin a san inda za a duba. Ba ta da lantarki, ba ta da abin tura mai. Idan fistan ya yi ƙasa yana zuƙo iska ta maƙogwaronta, maƙogwaron kuma ya tsuke a tsakiya, don haka iska take ƙara gudu a wurin, ta tsotso mai daga kofin da ke ƙasa ta wasu 'yan ƙananan huda. Haɗin da inji yake ƙonewa tsaf shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur, wato kowace lita ɗaya ta mai tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Wanda ya tuna da wannan adadi ba zai yi mamakin abin da ƙurar hunturu take yi wa babur marar filta ba. Su kuma hudojin, a kafireta irin ta Keihin da kwafinta na Sin masu lamba PZ, lambar da ke jikin jet tana nuna faɗin hudar ne: jet mai lamba 38 bai kai rabin milimita ba, 0.38 ne kawai. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe shi.

Kafin a taɓa kafireta a wanke sauran waɗanda ake zargi. A cire fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. Ja-ja mai rauni ko mai yankewa tana nuna fulogi, hula, kwayil ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Tazarar bakin fulogi ta zama milimita 0.6 zuwa 0.7. Injin CG125 da kwafinsa suna ɗaukar D8EA, roba-roba kuma C7HSA. Sai a toshe ramin fulogi da babban yatsa a sake buga kik: inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Idan kik ya yi laushi, a duba bawul. Bawul da ya matse yana sa babur ya ƙi tashi da safe, ya kuma mutu a silo idan ya yi zafi, kuma wannan shi ne ciwon da aka fi ɗora wa kafireta bisa zalunci. A injin CG tazarar ita ce milimita 0.08, a roba-roba 0.05, ana auna ta inji yana sanyi, alamar T ta jikin magneto tana daidai da saiti, duka bawul biyu suna rufe. Wanda ya yi ta juya sukurun kafireta a kan injin da bawul ɗinsa ya matse zai wuni bai samu silo ba.

Tun da fulogi yana hannu, a karanta shi. Bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, haɗi daidai ne. Baƙi mai kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, wannan baƙin mai ne yake hawowa ta ringi ko ta robar bawul, babu ruwan kafireta. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigon toka, mai ya yi ƙaranci kuma inji yana dahuwa. A lura, fulogin da aka cire bayan babur ya daɗe a silo yana ba da labarin silo ne kaɗai. In ana son labarin gudu, sai a hau titi a riƙe totur a inda ake zargi, a kama kuloci a kashe makulli lokaci guda, sannan a cire.

Daga nan sai hanyar mai, daga sama zuwa ƙasa. Murfin tanki yana da 'yar hudar shaƙar iska. Idan ta toshe, babur zai yi tafiyar 'yan kilomita lafiya lau, sannan ya fara fizga ya mutu, a ɗan jira ya sake tashi. Da ya mutu a buɗe murfin a saurara. In aka ji iska ta faɗa ciki, kuma babur ya tashi nan take, an kama ɓarawon. Sai a zare tiyon mai daga kafireta a sa bakinsa cikin kwalba mai haske a buɗe famfo. Mai ya zubo a miƙe, ba ɗis-ɗis ba, a ON da kuma RES, wato rizab. Yawancin famfunan suna da ɗan kofi a ƙasa da raga a ciki, a kwance a wanke. A ɗaga kwalbar a duba gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta fetur kusan 0.74, saboda haka ruwa yakan kwanta a ƙasa a dunƙule. Shi ya sa babur da yawa suke fara shaƙewa da zarar an juya zuwa rizab, domin rizab daga gindin tanki yake ɗiba. Da damina ruwan yakan shiga ta robar murfi da ta tsage, a kowane lokaci kuma yakan zo cikin man jarka na 'yan bumburutu. Ba su kaɗai ba ne: a Fabrairun 2022 hukumar kula da harkar man fetur, NMDPRA, da kanta ta tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan, irin wannan mai kuwa yana jan ruwa, yana kuma cin roba. Wanda dole ta sa shi sayen man galan, ya tace da kyalle mai tsabta. Fetur mai kyau in aka ɗiga shi a farar takarda yana bushewa ba tabo. In ya bar maiƙo, an gauraya shi.

Tanki mai tsatsa a ciki zai sake toshe kafireta ko sau nawa aka wanke ta. A sauke shi a zuba tsofaffin noti da kananzir a girgiza sosai, a ɗauraye, a shanya, sannan a sa 'yar filtar mai a tsakiyar tiyo, kibiyar da ke jikinta tana kallon kafireta.

Filtar iska ita ce abin da aka fi yi wa sakaci. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kai babur sabis a kan kari ba, shi ya sa ya sa masa filtar soso da ake wankewa a mayar. A wanke soson da kananzir ko ruwan sabulu, a matse shi a tafin hannu ba tare da an murɗa ba, ya bushe sarai, sannan a shafa masa ɗan baƙin mai sabo a matse rarar har ya daina ɗiga. Soso busasshe ba ya kama ƙura mai laushi, wanda ya jiƙe sharkaf kuma yana shaƙe inji. Kada a wanke shi da fetur. Filtar takarda ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, kaɗe ta ake yi, in ta yi baƙi a canja. Da hunturu, mai bin hanyar burji ya duba filtarsa duk mako. Filta da ta toshe tana ƙara shan mai sosai, kuma mutane da dama da ke neman a ɗaure musu kafireta wankin soso kawai suke bukata. Masu cire filtar su yar wai don babur ya sha iska, yashi suke ɗura wa silinda.

Idan duk waɗannan sun fita, to, an zo kan kafireta. Hannun totur shi ne zai faɗi inda ciwon yake, domin hanyoyi uku ne suke karɓa-karɓa. Daga silo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet ne da sukurun haɗi, mai daidaita iska da mai, suke aiki. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce da bututun da take shiga. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Babur da ba ya tsayawa a silo sai da cok, amma in ya miƙi hanya yana gudu lafiya, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe. Wannan shi ne ciwon da ya fi kowanne yawa, don hudarsa ce mafi ƙanƙanta. Wanda yake silo da kyau amma ya ƙi ja in an murɗe totur duka, a duba babban jet, ko mai ba ya isowa kofi da sauri. Wanda yake in'ina a tsakiyar totur yana hayaƙi baƙi, allura ce. Akwai gwaji mai sauƙi na bambance yawa da ƙaranci: inji yana da zafi, a ɗan ja cok a daidai inda yake cijewa. In ya gyaru, mai ne ya yi kaɗan. In ya ƙara lalacewa, sannan ya gyaru da aka zare filta na ɗan lokaci, mai ne ya yi yawa.

Wajen kwancewa, a rufe famfo, a kwance sukurun gindin kofi a tsiyaye mai cikin kwalba, nesa da wuta da mai shan taba. A kwance murfin sama a zaro fistan kafireta tare da allura, sannan noti biyu na wuya da sufana mai lamba 10. A shimfiɗa kyalle mai tsabta, ba ƙasar gareji ba, a ɗauki hoto da waya a kowane mataki. A zaɓi sukundireba da ta cika bakin sukuru, domin jet tagulla ne, mai laushi, in bakinsa ya cinye an shiga wahala. A cire kofi, a zare sandar fulot, wato abin da ke yawo a kan mai yana rufe hanyarsa in kofi ya cika, a ɗaga fulot tare da 'yar allurarsa. A kwance babban jet da bututun da yake ɗaure a kai, wanda ke da ƙananan huda a gefensa; waɗannan hudojin su ne suke gauraya iska da mai kafin ya fita, kuma yara kan manta da su. A saman bututun akwai wani ɗan guntun tagulla da allura take ratsawa. Yana faɗowa ba a sani ba, in ya ɓata ko aka mayar da shi a juye babur ba zai ƙara daidaituwa ba. Kafin a cire sukurun haɗi, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya taɓa, a rubuta adadin, sannan a fito da shi. Yana da sifirin, da 'yar washa, da zoben roba a kusa da tsini, a jere haka. Zoben yakan maƙale a cikin rami, a zaƙulo shi.

A fesa maganin wanke kafireta na gwangwani ta kowace huda, a ga ya fito ta ɗaya gefen. Ramin ƙaramin jet yana da mafita a cikin maƙogwaro, gab da inda fistan yake sauka, sai an ga feshin ya ɓullo nan aikin ya yi. A bi da iskar kwamfuresa, ko ta mai faci ce, amma bayan an cire fulot da duk wata roba. A ɗaga kowane jet a kalli haske ta cikinsa: huda zagayayya ake so a gani. In ta ƙi buɗewa, a jiƙa shi, a yi amfani da silin wayar lantarki na jan ƙarfe ko gashin burushi. Allurar ɗinki da silin kebur na kuloci ƙarfe ne da ya fi tagulla tauri, suna faɗaɗa hudar. Jet mai 0.38 da aka soke ya koma 0.42, a ido babu bambanci, amma filin hudar ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100. Yawancin kafiretocin da ake cewa sun tsufa suna zuƙar mai, haka aka tsufar da su.

Sai batun ambaliya, wadda muke kira obafulo, inda mai yake zuba ta tiyon ƙasa. Ɗayan abu huɗu ne. Ko datti ya tokare 'yar allurar fulot, ko tsininta na roba ya yi zobe saboda tsufa, ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse, ko kuma siririn bututun tagulla da ke tsaye cikin kofi ya tsage. A girgiza fulot a kusa da kunne, in ana jin motsin ruwa ya huje. Na tagulla in aka tsoma shi a ruwan zafi zai fitar da kumfa ta inda ya fashe. A gwada allurar da baki: a goge bakin shigar mai a busa, kafireta a tsaye iska ta wuce, a kife ta iska ta tsaya cak. In tana wucewa a kife, a canja allurar, a goge mazauninta da auduga a kan tsinke. Dukan kofi da ƙotar sukundireba yana sakin allurar da ta maƙale a kan hanya, amma dabara ce ta isa gida kawai.

Tsayin mai a cikin kofi yana shafar dukkan hanyoyin nan uku, shi ya sa ake gyara shi kafin a taɓa wani sukuru. Kowace kafireta da adadinta, amma akwai awon da ba ya bukatar littafi. A sa tiyo mai haske a bakin tsiyaya, a lanƙwaso shi sama a jikin kafireta, babur yana tsaye a miƙe a kan jak na tsakiya, a buɗe famfo da sukurun tsiyaya. Mai zai hau cikin tiyon ya tsaya. Daidai layin da kofi ya haɗu da jiki ko ƙasa da shi kaɗan ake so. In ya haura, a ɗan lanƙwasa harshen ƙarfen da ke danna allurar, kaɗan-kaɗan, domin ɗan motsi a harshe babban motsi ne a fulot. Fulot na roba zalla ba shi da harshen lanƙwasawa, canja shi ake yi. Wanda babur ɗinsa ya taɓa kwana yana ambaliya ya zaro ma'aunin baƙin mai ya shinshina. In yana warin fetur ko ya ƙaru, mai ya gangara cikin inji ya tsinka shi, a juye nan take. Rufe famfo duk lokacin da aka ajiye babur yana hana wannan.

Wajen mayarwa akwai kuskure guda mai haɗari. Fistan kafireta yana da doguwar tsaga a gefe ɗaya wadda take bin wani ɗan ƙusa a cikin rami, da gajeriyar gangara a ɗaya gefen inda sukurun silo yake tokara, yankakken gindinsa kuma yana kallon filta. In aka sa shi a karkace zai tsaya a sama, da an buga kik inji ya kwashe da ihu. Kafin a tayar, a murɗa totur a saki, a ji ƙarar saukarsa, a juya kan babur dama da hagu a sake gwadawa. Wasan totur a hannu ya zama milimita 2 zuwa 6.

Iskar ɓarauniya tana shiga ne tsakanin kafireta da kan silinda: robar wuya da ta tsattsage, zoben roba da ya kwanta, fakin da ya yage, ko fuskar kafireta da ta lanƙwashe saboda an ɗaure noti ɗaya tamau kafin ɗayan. Alamarta, in aka saki totur inji ba ya saukowa da wuri, silo yana hawa yana sauka shi kaɗai, salansa tana harbi a gangara. Inji yana silo a fesa ɗan maganin kafireta a mahaɗar, a waje mai iska. In ƙara ta canja, nan ne. A canja robar. Gam da salatif ba sa jure zafin wurin.

Yanzu saiti. A hau babur kamar minti 10 ya yi zafi sosai. A duba inda sukurun haɗi yake: in yana ɓangaren inji, sukurun mai ne, fito da shi yana ƙara mai, in yana ɓangaren filta, sukurun iska ne, fito da shi yana rage mai. Rashin sanin wannan ya sa wasu suke ƙara mai suna zaton ragewa suke. A mayar da shi inda aka ƙirga, in ba a ƙirga ba a fara daga zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, tsininsa yana karyewa a cikin rami. A ɗan ɗaga silo, a riƙa juya sukurun haɗi rubu'in zagaye ana jira 'yan daƙiƙoƙi, har a sami inda inji ya fi sauri da santsi. Sannan a sauke silo da nasa sukurun zuwa wajen zagaye 1,400 a minti, inda inji yake bugawa daidai ba ya rawa. A ɗan fizgi totur a saki. Ya rataye a sama, a ƙara mai kaɗan. Ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu, a rage. In sai an fito da sukurun mai fiye da zagaye uku kafin ya daidaita, ƙaramin jet bai wanku ba ko iska tana shiga.

Allura tana da tsaga a samanta, yawanci biyar, da ɗan kilif da ke riƙe ta, kuma galibi kamfani yana sa shi a tsakiya. Kilif in ya yi sama allura ta yi ƙasa, mai ya ragu. In ya yi ƙasa allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. A nan ne ake yin ɗaurin da muke kuka da shi, kilif a tsagar ƙoli, babban jet a rage masa lamba da yawa. Malam Edita, waɗannan injuna iska ce kaɗai take sanyaya su daga waje, daga ciki kuwa ɗan rarar man da ke cikin haɗi yana taimakawa wajen rage zafi idan inji yana ɗauke da kaya. In aka ƙwace wannan rarar, ga lodin mutum biyu da buhu, ga zafin watan Afrilu, wuta tana daɗewa tana ci har lokacin da bawul na fitar hayaƙi ya buɗe, bakinsa ya ƙone. Wuyan salansa ya yi shuɗi, inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a ciki in an hau tudu, fistan ya kumbura ya kama silinda. Abin takaici, ko tattalin ma ba a samu yadda ake zato, domin babur da ya rasa ƙarfi sai an ƙara murɗa masa totur, a riƙa sauka giya. Garin neman gira a rasa ido ke nan: kuɗin boring da fistan da ringi da bawul ya ninka abin da aka rage a gidan mai.

In babur yana shan mai fiye da da, akwai dalili, kuma dalilin ake bi. Bayan filta da tsayin mai da jet da aka soke, a duba allura da guntun tagullar da take ratsawa. Sukan yi shekaru suna gogar juna saboda girgizar inji, allura ta siranta ta yi ƙyalli a gefe guda, hudar ta zama kamar ƙwai. Maganinsu a canja su tare, ba a sauke kilif ba. A duba cok. Na PZ faifai ne da ke tare iska, a tabbata yana buɗewa duka. Na kafireta irin ta Mikuni kuwa wani ɗan fulanja ne mai roba a gindi da ke buɗe wata hanyar mai ta daban. In robar ta mutu, mai yana ta tsiyaya kullum ko da cok a rufe. Irin wannan cok ba ya aiki sosai in an murɗa totur, don haka da safe a ja shi a buga kik hannu a sake. Bayan kafireta, taya marar iska, birki mai kamawa da sarƙa busasshiya ko mai tsauri duk suna cin mai. A kuma auna shan man da gaske: a cika tanki zuwa wata alama, a rubuta kilomita, a yi aiki, a sake cikawa zuwa alamar a raba. Ƙirga da naira yaudara ne, don farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Masu injin da ke shan 2T, irin su AX100 na Suzuki da na Jincheng, su ne ɗaurin nan ya fi yi wa illa, domin har huje fistan yake yi. Musamman waɗanda aka cire wa famfon 2T ana zuba shi cikin tanki, tun da a nan man da aka rage shi ne yake ɗauke da maiƙon inji. Awon da aka saba shi ne mililita 25 zuwa 30 na 2T a kowace lita, kuma 2T na gaske, ba baƙin man mota ba. Su kuma suna da nasu cututtukan da ke kama da na kafireta. Sil na kurankishaf ta ɓangaren magneto in ya mutu yana jan iska, silo ya ƙi sauka. Na ɓangaren kuloci yana jan man giya, hayaƙi ya yi kauri, man giya ya riƙa raguwa. Salansa da ƙofar fitar hayaƙi in suka cushe da gawayi, babur zai rasa gudu ko an sa masa kafireta sabuwa fil.

Akwai lokacin da rage mai yake da hujja. Iska tana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk hawan mita 100. Kano tana ƙasa da mita 500 daga doron teku, Jos tana wajen 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka. Babur da aka saita a Kano in ya koma zama a Jos zai ɗan yi yawan mai, sauke allura da tsaga ɗaya ya isa, amma a tuna a mayar in an sauko. Sanyin asubahin hunturu kuma yana sa iska ta yi nauyi, mai ya ƙi zama tururi, shi ya sa babur yake neman cok na minti ɗaya ko biyu. Wannan ba ciwo ba ne, kada a kwance kafireta saboda shi.

Sabuwa ana sayen ta ne idan ramin fistan kafireta ya goge har fistan yana kaɗawa iska tana bi ta gefe, ko jiki ya tsage, ko zaren sukuru ya cinye, ko tsini ya karye a ciki ya ƙi fita. In ya kama, a sayi daidai girman inji: PZ19 ga roba-roba mai 110, PZ26 ga CG125, PZ27 ga mai 150. Babba a kan ƙaramin inji tana rage gudun iska a maƙogwaro, babur ya riƙa shaƙewa a tashin farko. Kada a yar da tsohuwar. Masu arahar nan sukan zo da jet da lambarsa ba ta dace da hudarsa ba, wani ma babu lamba, don haka jet da allurar asali in suna da lafiya kuma zarensu ya shiga, su ake mayarwa. Ko sabuwa ce a buɗe kofinta a duba garin ƙarfe, a auna tsayin mai. Wanda kuma zai ajiye babur fiye da wata ɗaya, ya rufe famfo ya tsiyaye kofi, domin fetur da ya bushe a ciki yana barin danƙo, kuma ƙaramin jet yake fara toshewa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu makanikan babur, Kano.